Kati Biyu a Hannun Manaja

A kantin fentin da nake aiki ba mai kirana da sunana. Sannu-Sannu suke ce mini, saboda ban iya gaggawa ba, ko a tafiya ko a magana. Shekarata shida a ɗakin baya, wanda muke kira ɗakin haɗi. Taga ɗaya gare shi, da dogon benci na katako wanda fenti ya yi wa ɓawo, da gwangwanayen kala jere a jikin bango. Aikina shi ne in mutum ya kawo ɓallin bango ko guntun ƙyalle ya ce irin wannan yake so, in duba, in ɗiga wannan in ɗiga wancan, in yi ta juyawa har ya fito. Karatuna bai yi nisa ba. Ina iya haɗa haruffa in karanta in an ba ni lokaci, amma dogayen lambobi rawa suke yi mini a ido. Kala kuwa ba ta taɓa yi mini gardama ba.

Sabon manaja da injin haɗa kala mako ɗaya suka zo. Injin yana cikin kwalinsa, aka jingine shi a bakin ƙofar ɗakina, kullum da safe sai na karkace kafin in wuce. Mai kamfani ya tara mu ya ce ƙarshen wata za a buɗe shi, kuma mutum ɗaya ne zai zauna da shi a ɗakin haɗi. Ko ni, ko a kawo mai takarda daga waje. Ya ce Manaja ne zai faɗa masa wanne.

Manaja gajere ne, ba ya dariya, ba ya kuma faɗa. Kullum farar riga da baƙin wando. Anti, matar da take tsaron kanta, ta ce ko dai kala ɗaya matarsa ta iya wankewa, ko kuma a otal ya fara aiki bai manta ba.

A kwana na uku ya shigo ɗakina riƙe da katin kala biyu da wani guntun labule da wata mata ta kawo.

"Wanne ne ya dace da wannan?"

Na nuna masa. Ya juya katin ya duba bayansa, ya fita.

Washegari ma haka. Ranar da ta biyo ma haka, har sau biyu. Abin da ya fara damuna shi ne tambayoyin ba su da wuya. Da kala biyu masu kama da juna yake kawowa, da na ce gwanintata yake so ya gani. Amma wani lokaci sai ya kawo abin da ko daga ƙofar titi za ka rarrabe. Tsohon manajanmu bai taɓa yi mini haka ba. Shi sai dai ya leƙo ya ce, "Sannu-Sannu, kafin a tashi kiyama dai ko?" ya wuce.

Na gaya wa Dogo, direban motar da take kai kaya, muna shan shayi a bayan sito.

"Kai dai Allah ya yi ka da sanyin kai," in ji shi. "Mutum yana haƙa maka rami, kai kana miƙa masa shebur. Jira yake ranar da za ka zame sau ɗaya, ya rubuta, ya kai sama. Ka san yana da ƙanin mata da ya gama makaranta yana zaune?"

"Wa ya gaya maka?"

"Wane manaja ne ba shi da ƙanin mata da yake zaune?"

Na yi dariya, amma shayin bai ƙara yi mini daɗi ba.

A gida, mu uku ne a ɗaki biyu a saman bene: ni da Inna da Yaya, wadda take ɗinki a baranda. Inna ban gaya mata ba, don in ta ji abu sai ya hau mata kai. Yaya na gaya wa, tana cire zare da haƙori.

"Kai ma ai ba ka da fara'ar kirki," ta ce. "Ka riga shi gaisuwa. Ka tambayi mutanen gida. Ka yi masa wani abu da bai sa ka ba, ya san kana da amfani ko ba fenti."

"Kamar me?"

"Komai ma sai na tauna maka? Ka buɗe ido mana."

Na buɗe ido, sai na ga gilashin motarsa ya yi datti. Da hutun rana na ɗauki tsumma mai tsabta da ruwa a roba na shiga gogewa. Ban kai rabi ba sai ga shi a bayana.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Yallaɓai."

"To me kake nema a jikin motata?"

"Datti na gani."

Ya dube ni, ya dubi tsumman. Ya zagaya ya jijjiga ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, har da ta baya, ya tabbatar a kulle suke. Sannan ya ce in koma bakin aikina. Da na ba Yaya labari sai da ta ajiye almakashi don dariya. Ta ce, "To ku biyun kun dace. Shi yana tsoron ɓarawo, kai kana tsoron alƙali."

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na fito ɗauko murfi, na hango shi a kanta wajen Anti, da katunan nan biyu da ya gama nuna mini. Na tsaya a bayan kwalin injin. Na ji ya ce, "Shi ya ce wannan. Ke me kika gani?" Anti ta ce, "Shi ne mana." Ya gyaɗa kai ya shige ofis.

Da ya tafi na tambaye ta. Ta ce, "Kullum ne ai. Duk abin da ka faɗa sai ya zo ya auna a wurina. Ɗan'uwana, ka yi hankali da mutumin nan. Ni dai ban ga alheri a idonsa ba."

Shekara shida, ba a taɓa dawo da bokiti ɗaya da na haɗa ba. Yanzu ga shi ana bin bayana ana tambayar wadda ko burushi ba ta taɓa riƙewa ba. Ba na fushi da wuri, amma in abu ya zauna mini a ƙirji yakan daɗe.

Dogo ya ce, "Ka gwada shi kai ma. Ran da ya kawo maka tambayar raini, ka ba shi amsar raini. Ya san kai ma ka gane wasan."

Na ce ba zan iya ba. Na kwana biyu ina cewa ba zan iya ba.

Ranar Talata, saura kwana tara wata ya ƙare, Anti ba ta zo ba, haƙori ya kumbura mata fuska. Da safe wani ɗan kwangila da muka saba da shi ya zo da guntun katakon taga, kore mai duhu irin na ganyen da ya tsufa. Bokiti goma sha biyu yake so, irin wanda muke da shi a haɗe a sito, a kai masa wurin gini kafin rana ta take, ma'aikatansa suna jira. Ya bar katakon ya tafi. Ta tagata na ji duk wannan.

Can sai ga Manaja da katakon da kati biyu. Ɗaya kore mai duhu. Ɗaya ruwan ƙasa, irin na shayin da bai ji madara ba.

"Wanne?"

Na dubi katunan, na dubi fuskarsa. Ba komai a fuskar. Na ɗaga yatsa na ɗora a kan ruwan ƙasa.

Jira nake ya ce, "Ni za ka raina wa hankali?" Na ma shirya abin da zan ce, cewa ni ma na gaji da raini. Sai ya ce, "Na gode." Ya juya katin, ya karanta lambar bayansa a hankali, ya fita.

Na zauna a kan gwangwani. Na ce shi ke nan, na ba shi abin da yake nema da hannuna, yanzu yana ofis yana rubutawa. Na yi tunanin yadda zan gaya wa Inna. Na ɗauki sandar juyi na ajiye, na sake ɗauka. Ban haɗa komai ba har kusan rabin awa.

Sai na ji ana loda mota. Na fita tsakar gidan sito.

Kowane bokiti namu akwai ɗigon kalarsa a kan murfi, faɗin tafin hannu. Masu lodi biyu suna miƙa wa Dogo bokitai, kuma duk ɗigon da na gani ruwan ƙasa ne. Manaja yana tsaye a gefe yana ƙirga su. Da aka zo na ƙarshe ya ce a dakata. Ya ciro guntun katakon daga aljihun rigarsa, ya ɗora a kan murfin, daidai gefen ɗigon. Kore a nan, ruwan ƙasa a nan, rana tana dukansu. Ya sunkuya ya duba sosai, kamar mai duba ƙaya a ƙafa. Ya gyaɗa kai. Ya mayar da katakon aljihu ya ce a ɗora.

Ba wanda yake kallonsa a lokacin sai ni. Bai san ina wurin ba, balle a ce don ni ya yi. Mutumin nan da gaske ya duba, kuma da gaske abu ɗaya ya gani.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ashe duk katin da ya kawo mini, bayansa yake karantawa, ba fuskarsa ba. Ashe ba ni yake aunawa a wurin Anti ba, baki biyu yake nema kafin ya yarda da abin da idonsa ba ya ba shi. An kawo shi shugabancin kantin fenti, kuma ba ya rarrabe kore da ruwan ƙasa.

Dogo ya diro daga bayan motar ya zo kusa da ni yana goge hannu. Shi ma ya ga katakon da safe.

"Kai ka yi wannan?" ya ce a hankali, bakinsa har kunne. "Sannu-Sannu, ashe kana da haƙora! Ka ga shi ma bai san aikin ba, ko dubawa bai yi ba."

"Dogo, ba za a kai wannan ba."

"Za a kai mana. Ni abin da aka loda mini nake kaiwa. Ɗan kwangilar nan ka san bakinsa, kafin in juyo da mota ya kira mai kamfani. Wa ya sa hannu a takarda? Ba kai ba. Wa ya ji ka nuna? Ba kowa. A kore shi, injin ya ƙara wata shida a kwali. Kai dai koma ɗakinka ka yi ta juya sandarka."

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Ba zan ɓoye ba, na tsaya na auna ta. Har Dogo ya shiga ya tayar da mota ina tsaye. Abin da ya hana ni komawa ɗaki shi ne "na gode" ɗin nan. Mutumin da ya jijjiga ƙofofin motarsa saboda ni, yau da ba Anti, maganata kaɗai ya ɗauka ya loda bokiti goma sha biyu a kanta.

Na taka na je na tsaya a bakin ƙofar fita, a gaban motar. Dogo ya danna oda. Ban matsa ba.

"Yallaɓai," na ce, "a sauke kayan nan. Ba shi ne ba. Ni na nuna maka katin da ba shi ba."

Masu lodi suka dubi juna. Manaja ya kai hannu aljihun rigarsa, ya taɓa katakon, bai ciro shi ba.

"A sauke," ya ce. "A ɗora ɗaya lambar." Ya karanta musu ita daga bayan katin. Sannan ya ce da ni, "Biyo ni."

Ofishinsa ƙarami ne, tebur da kujera biyu da fanka mai ƙara. Ya rufe ƙofa. Bai ce in zauna ba, shi ma bai zauna ba.

"Shekararka nawa a nan?"

"Shida."

"A shekara shida ka taɓa rikita waɗannan biyun?"

"A'a."

"To da gangan ne."

"Da gangan ne, Yallaɓai."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa." Ban ga amfanin kiran sunan Dogo ba. Yatsana ne, ba nasa ba.

"Mai kamfani ne ya ce ka gwada ni?"

Na ɗago kai. Muryarsa ba ta canza ba, amma hannunsa yana riƙe da bakin tebur da ƙarfi.

"Mai kamfani ko sunana bai sani ba," na ce. "Ni na zaci kai kake gwada ni. Kullum kana kawo mini abin da kowa zai gane, sannan ka je ka tambayi Anti. Na ɗauka kuskurena kake nema don ka kawo wani."

Ya saki bakin teburin. Fanka tana ta ƙara.

"Da kake tsaye a waje, me ka gani?"

"Na ga ana loda kayan da ba su ba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Shi kaɗai zan iya cewa na gani, Yallaɓai. Ko a nan, ko a waje."

Ya yi wani ɗan murmushi marar daɗi. "Wato yanzu kana ganin ka riƙe ni. Saura kwana tara, ga ka da abin da za ka riƙe ni da shi."

"Da riƙe ka nake so, da na bar motar ta tafi."

"Ko kuma ka ga in ta tafi an kore ni, ba ka san wanda za a kawo ba. Wanda ka riƙe ya fi maka."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba, amma da ya faɗa sai na ga ba ni da yadda zan nuna masa ba haka ba ne. Ya buɗe ƙofa ya ce in tafi.

Kwana uku bai leƙo ɗakina ba. Anti ta dawo da auduga a baki, duk tambayar ta koma kanta. Na ji tana mita da Dogo: "Ni kanta zan tsare ko karatun kala zan yi masa? Jiya fa ja da kore ya kawo mini. Ja da kore! Anya mutumin nan lafiya?" Dogo ya ce raini ne kawai. Amma Anti ba Dogo ba ce. Na san in aka ƙara mako ɗaya a haka za ta gano, kuma abin da Anti ta gano, titi ya gano.

Don haka na canza yadda nake aiki. Da can in na gama samfur sai in ajiye a kanta. Yanzu sai in kai ofis da kaina, in jera a tebur ina faɗa da baki: "Ga shuɗin mai shagon aski a hagu. Ga jan matar nan mai labule a tsakiya. Na dama kore ne, ya dace da kati mai lamba a sama." In baƙo ya shigo da wani abu a hannu ina kusa, sai in riga kowa: "A'a, wannan koren naka ya sha rana." Kamar hira nake.

Rana ta biyu da fara haka ya tsayar da ni a ƙofar ofis.

"Ba'a kake mini?"

"A'a, Yallaɓai. Don kada ka riƙa tambaya a gaban mutane ne."

Ya dube ni har na ji nauyi. Bai ce na kyauta ba, bai ce in daina ba. Amma daga ranar bai ƙara kai kati wurin Anti ba.

Yaya ta ce ni wawa ne, da na tona kaina. Ban gaya mata dalilin ba, cewa kawai na yi na yi masa ƙarya na kuma janye. Ta ce, "Wanda ka yi wa ƙarya sau ɗaya ko ruwa ka ba shi sai ya shinshina." Ta fara yi mini cigiyar aiki a wurin wani mai gyaran kujeru.

Ranar ƙarshen wata aka farke kwalin. Mai kamfani ya zo ya shiga ofis da Manaja, suka rufe ƙofa. Ni ina ɗakina ina goge bencin da ba ya goguwa. Masu haɗa injin suka ture gwangwanayena gefe, suka kafa shi a ƙarƙashin taga, da allonsa mai haske da maɓallai. Da mai kamfani ya fito bai dubi ɓangarena ba, ya shiga mota ya tafi.

Bayan masu haɗawa sun tafi sai Manaja ya shigo. Ya tura ƙofar da ƙafa.

"Na ce wa mai kamfani kai za ka zauna da injin," ya ce. "Wata uku, a gani."

"Na gode, Yallaɓai."

"Kada ka gode. Ban ce na yarda da kai ba. Gara kana inda nake ganinka."

Har yau ban san ko don idona ya bar ni ba, ko don bakina. Na sha juya abin, ban samu bakin zaren ba, kuma ba tambayar da zan iya yi masa ce ba.

Ya ɗauko wani kati, ruwan toka mai ɗan haske da wani mai gidan haya ya nema. Ya tsaya a gefen allon.

"Zo nan. Danna abin da na faɗa."

Na matso. Lambar doguwa ce, ta cika bayan katin. Sai ya fara karantawa ɗaya-ɗaya, yana tsayawa bayan kowace har sai na nemo ta na danna. Bai dube ni ba, katin yake kallo. Bai tambaye ni me ya sa nake daɗewa ba.

Injin ya yi gurnani, ya ɗiga abin da zai ɗiga, ya jijjiga bokitin. Na buɗe murfi, na shafa kaɗan a katako, na kai taga tare da katin.

"Ya fito?" in ji shi.

"Da saura. Yana son rawaya kaɗan, kamar ɗigo uku."

"Injin ya ce ya gama."

"Haka ya ce. Amma da saura."

Bai dubi katakon ba. Fuskata ya duba, ya daɗe yana dubawa, yadda ya duba murfin nan a tsakar sito. Na bar shi ya duba. A waje Dogo yana ta oda yana kiran masu lodi da sunayen banza.

"To gyara," ya ce. Ya ja gwangwani ya zauna a bakin ƙofa, ya harɗe hannu, yana kallon yatsuna har na ɗiga na ukun.